Ba lalacewa ta yi ba, ƙanena, haka ake yin ta

Ƙanena, sannu da zuwa, sannu kuma da sanyi. Tun jiya da dare na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce abokin karatunka ɗan Beljiyam ya ba ka kwalaben giya biyu masu toshi irin na shamfen, an rubuta Oude Geuze a jikinsu, ka buɗe ɗaya tsami ya kashe maka haƙora, ga wani wari kamar bargar doki, ka tuntsurar da ita a wurin wanke-wanke. Yanzu kana tambaya ko ta lalace ne, kuma ko ya kamata ka gaya wa mutumin. Kada ka gaya masa. In ya ji inda kwalbarsa ta ƙare, ranar ba zai yi barci ba.

'Yan'uwa Musulmi, da namu ma da ba sa taɓawa, ku yi haƙuri ku wuce wannan, na san ba hanyarku ba ce. Ni kaina in mahaifiyata ta ga wannan dogon bayani a kan giya sai ta kai ƙarata coci. Amma yaro ya yi tambaya, ni kuma na shekara 11 a nan Beljiyam, kuma na taɓa yin irin wautar da ya yi.

Tawa ma ta fi taka muni, don a gaban mai ita na yi. Wani dattijo ne da muke aiki tare a sito ya gayyace ni gidansa, ya sauka ɗakin ƙasa ya ɗauko kwalba duk ƙura, ya kwantar da ita cikin wani ɗan kwando, ya zuba min a hankali kamar mai zuba magani. Na kurɓa, na yamutsa fuska, na ce masa ko akwai sukari. Matarsa ta yi dariya har da hawaye. Shi bai yi dariya ba. Tambayata ya yi me muke sha a garinmu, na ba shi labarin burkutun da gwaggona ke dafawa da jar dawa, yadda ake jiƙa ta ta yi tsiro, a niƙa, a dafa, a bari ta kwana ta yi tsami, a sake dafawa, a zuba a tsohuwar randar da ba a canja ta. Sai ya ce to me kake yamutsa fuska a kai, ai gwaggonka abokiyar sana'armu ce. Daga ranar na daina jin giyar nan a matsayin baƙuwa.

Uwar wannan giya sunanta lambic, kuma a yanki ɗaya ake yin ta, Brussels da ƙauyukan Pajottenland da ke kudu maso yammacinta, a kwarin kogin Senne. Tsiron sha'ir ne da ɗanyar alkama, alkamar ba ta gaza kashi 30 cikin 100. Furen hop ɗin da suke sa wa ma, wato furen da ke ba giya ɗaci, tsoho ne, wanda ya shekara biyu ko uku a ajiye har ɗacinsa ya tafi, abin da ya rage masa kawai shi ne hana ruɓa. Babban bambancin shi ne ba sa zuba yis. In an gama dafa ruwan, sai a tura shi saman bene cikin wani faffaɗan kasko mara zurfi, a buɗe tagogi, a bar shi ya kwana a buɗe iskar dare na kaɗa shi. Duk abin da ke cikin iska da jikin katakon ginin shi zai sauka ya kama aiki. Shi ya sa ba sa dafawa sai lokacin sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, don da zafi abin da zai faɗa ciki ba alheri ba ne. Washegari a ɗura a gangunan katako, yawanci tsofaffin gangunan ruwan inabi na itacen oak, a manta da su shekara ɗaya, biyu, har uku.

In kana son ganin wannan da idonka, je Cantillon, gidan dafa lambic da ke unguwar Anderlecht a Brussels, da ƙafa ma za ka isa daga tashar jirgin ƙasa ta Midi. Tun 1900 suke wurin, kuma tun 1978 suka mai da gidan wurin ziyara. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne saƙar gizo-gizo ko'ina a jikin ganguna da rufi, ba mai share ta, saboda gizon ne ke kama ƙananan ƙudajen da ke bin zaƙi. Sai kuma farar kumfa da ke tsiyayowa daga bakin sabuwar ganga ta bushe a gefe. Warin ɗakin kuwa, na rantse kamar an buɗe tsohon rumbu bayan ruwan farko.

A cikin gangar nan ba halitta ɗaya ke aiki ba, layi suke bi. Yis na yau da kullum shi ke fara cinye zaƙin ya mai da shi barasa. Bayan wasu watanni, in zafi ya shigo, sai bakteriya masu tsami su karɓa, musamman wadda ake kira Pediococcus. Irin tsamin da suke kawowa shi ne dai na nono da kamu. A wannan lokaci giyar kan yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, masu sana'ar su ce ba ta da lafiya, kuma ba sa damuwa, don sun san mai magani na tafe. Mai maganin shi ne wani yis mai nawa da ake kira Brettanomyces, shi ke cinye yauƙin da sauran abin da kowa ya bari, shi ne kuma ke kawo warin bargar da ya kore ka. Wani masani a kamfanin Carlsberg na Denmak, Claussen, shi ya raɗa masa suna a 1904 bayan ya gano shi a tsofaffin giyoyin Ingila. Masu yin ruwan inabi da yawa kallon annoba suke masa, a nan kuwa har akwai nau'insa da ke ɗauke da sunan Brussels.

Geuze ɗin da ke hannunka haɗi ne. Ana ɗebo ta shekara ɗaya mai sauran zaƙi, a gauraya da ta shekara biyu da ta uku, a ɗura a kwalba a toshe, ta sake tashi a ciki. Daga nan kumfar take, shi ya sa ake mata toshin shamfen. Kalmar Oude da ka gani ita ce shaidar cewa an bi tsohuwar hanya, Tarayyar Turai ma ta kare sunan tun 1997. Ka riƙe wannan, don akwai waɗanda aka cika wa zaƙi a manyan kantuna. Na taɓa sayen wata kriek, wato mai 'ya'yan ceri, ina murna na samu da araha, ashe kamar zoɓon biki ce da aka zuba wa sukari ba lissafi. Oude Kriek ta gaske ba ta da wannan zaƙin, tsami ne da ƙamshin ɗan itacen, da ɗan gardin ƙwallonsa a ƙarshe.

Yanzu ga kwalba ta biyu. Na tabbata ta farkon daga firji ka ciro ta da raɓa a jiki, kamar yadda muka saba a gida inda giya in ba ta yi ƙanƙara ba a mayar wa mai shago. Sanyi mai yawa na rufe ƙamshin ya bar maka tsamin tsirara. Abin da take so wajen digiri 10 zuwa 13 ne, don haka ka fito da ita ta yi kamar rabin awa a waje. Kada ka girgiza ta, kuma ka riƙe toshin da hannu lokacin da kake kwance wayar. Ni na taɓa ɗauko ɗaya a kan keke na buɗe ta nan take, rabinta a silin ya ƙare. Ka zuba a hankali a tambulan mai tsabta, ka bar guggubin ƙasa a kwalbar.

Kada ka yi hukunci da kurɓin farko, wannan na gigita harshe ne kawai. Na biyu ma bar shi. A na uku ne bakinka zai saba, abin da ke bayan tsamin ya fara fitowa: ɓawon lemun tsami, ɗanyen mangwaro, harawa busasshiya, wani lokaci warin fatar da aka jeme kamar ka bi ta layin dukawa, sai ɗan baurin katako da ke kama harshe irin na goro. Ka lura da yadda take ƙarewa a bushe, ba ta barin danƙo a baki. Ka bar tambulan ɗin ya ɗan ɗumama a hannunka, bayan minti goma za ka ji kamar an canja maka wata.

Mu da muka tashi da fura da nono, da kunun tsamiya, da koko, da daddawa a miya, mun fi yawancin Turawa shirin wannan abin, sai dai ba a taɓa ce mana giya ce za ta zo da shi ba. Harshenka ya riga ya san bambancin nonon da ya yi tsami mai daɗi da wanda ya wuce. Da wannan ma'aunin za ka gane lalatacciya. Tsamin nono mai taushi da ke sa yawu ya tsinke, wannan daidai ne. Amma in ya zama khal tsantsa yana ƙona maƙogwaro, ko kana jin warin abin goge jan farce yana hawa hanci, iska ta shiga gangar fiye da kima. In kuma warin jiƙaƙƙen kwali ne ko fumfuna, toshin ne ya ɓata ta. Warin barga shi kaɗai ba laifi ba ne.

Akwai wani reshen da nake ganin da shi ya kamata a fara maka, jar giyar Flanders ta yamma, wani yanki na Beljiyam. Rodenbach da ke garin Roeselare, tun 1821, su ne sanannu. Gangunansu a tsaye suke, manya kamar rumbuna, guda 294, na tsaya a tsakaninsu na ji ni ɗan ƙarami. Grand Cru ɗinsu kashi biyu cikin uku tsohuwa ce da ta shekara biyu a katako, sauran sabuwa. Tana da ɗan zaƙi da ke rarrashin tsamin, da ɗan khal kaɗan wanda a wurinta ado ne. Duchesse de Bourgogne ma irinta ce, sai dai ni zaƙinta ya yi min yawa, ko da yake matata ita ta fi so.

Wajen abinci, mutanen Brussels da burodi da farin cuku da jan radish suke shan geuze. Ni na gwada da namu. Da tsire mai kitse ko gasasshen kifi tana tafiya sosai, tsamin na wanke maiƙon. Da farfesu mai attaruhu kuwa kada ka soma, faɗa suke a baki. Kilishin da aka kawo min daga gida ya fi dacewa da jar giyar Flanders.

Abu biyu kada ka yi wasa da su. Ƙarfin geuze kan kai kashi 5 zuwa 7 cikin 100, amma tsamin na ɓoye shi, babbar kwalba ta mutum biyu ce ko uku. Sannan in kana da olsa ko ƙwannafi, kada ka sha ta da yunwa, ni na kwana a zaune sau ɗaya saboda haka.

Ba kuma dole ka buɗe ta biyun yanzu ba. Burkutun gwaggona kwana biyu ne ta wuce sha, wannan kuwa duba bayan kwalbar, wasu har shekara 20 suke rubutawa. Ajiye ta a wuri mai duhu da sanyi, nesa da hita. Turo min hoton takardar jikinta in ga gidan da ya haɗa ta da shekarar da aka ɗura. In ka shigo Brussels ranar wata Asabar, taho da ita, tsiren a kaina.