Shin maciji ya yi magana da Nana Hauwa'u a Aljanna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga unguwar Bagalam a nan Maradi. Ɗana ya dawo daga lakwal yana ba ni labari wai Iblis ya shiga bakin maciji ya shiga Aljanna, maciji ya yi wa Nana Hauwa'u magana har ta ci itaciya, shi ya sa Allah ya cire masa ƙafafu. Ni ma na taɓa jin haka a wa'azi, har da ɗawisu a ciki. Gaskiya ne? Kuma ya hukuncin tatsuniyar da kakarsu ke yi musu, tunda dabbobi ke magana a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa yaron albarka, ke kuma Malama ya saka miki da kika tsaya bincike kafin ki amsa masa.

Maganar dabba ba abu ne da ya gagari Allah ba. A Suratun Namli, aya ta 18, tururuwa ta gargaɗi ƴan uwanta su shige gidajensu kada rundunar Annabi Sulaimanu ta tattake su, ya ji, ya yi murmushi. A surar dai alhudahuda ya kawo masa labarin sarauniyar Saba'i da mutanenta masu sujada ga rana. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya hau saniya, ta ce masa ba don haka aka halicce ta ba, don noma ne. Mutane suka yi mamaki, Manzon Allah (SAW) ya ce shi ya yi imani da wannan, shi da Abubakar da Umar. Mu ma mun yi imani, domin majiyar ta tabbata.

To labarin maciji fa? Ƙissar Annabi Adamu ta zo a Baƙara, da A'arafi, da Ɗaha, da wasu surorin, babu inda aka ambaci maciji ko ɗawisu. Abin da Alkur'ani ya faɗa shi ne Shaiɗan ya yi musu waswasi, har ya rantse musu cewa nasiha yake yi. Yadda ya kai gare su, ba a bayyana mana ba, kuma babu hadisi ingantacce da ya bayyana. Macijin daga littafin Farawa na Ahlul Kitabi ya fito, sura ta 3, ya shigo wasu tafsirai ta hanyar irin su Wahabu ɗan Munabbihu, tabi'i (wato wanda ya riski sahabbai) mutumin Yaman. Imamuɗ Ɗabari, wanda ya rasu a shekara ta 310 bayan hijira, ya kawo shi da isnadinsa (jerin waɗanda suka ruwaito shi), amma kawo ruwaya daban, inganta ta daban. Irin wannan ake kira Isra'iliyyat.

Malamai kamar Ibnu Kasir sun kasa su uku: abin da wahayinmu ya gaskata, mu karɓa, abin da ya ƙaryata, mu yar, abin da ya yi shiru a kansa, kada mu gaskata, kada mu ƙaryata. Shigar Iblis cikin maciji da cire ƙafafu suna cikin kashi na uku. Ya halatta ɗalibi ya san an faɗe su, bai halatta a koyar da su a matsayin aƙida ba.

Akwai ɓangaren da ya fi damuna, shi ne ɗora wa Nana Hauwa'u laifin ita kaɗai. Wannan bai dace da lafazin Alkur'ani ba. A A'arafi su biyu aka yi wa waswasi, su biyu suka ɗanɗana, su biyu suka ce "Ya Ubangijinmu, mun zalunci kanmu." A Ɗaha, aya ta 120, Adamu ne ma Shaiɗan ya kira da sunansa. Amma sai ki ji namiji yana yi wa matarsa gori wai mace ce ta fitar da mu daga Aljanna. Mai faɗin haka ya ji tsoron Allah, uwarsa yake ci wa mutunci ba da hujja ba.

Tatsuniya kuwa babu laifi a kanta. Da an ce "ga ta nan, ga ta nanku," yaro ya san Gizo da Ƙoƙi da kura ba tarihi ba ne, hikima ake koya masa. Sharaɗi dai kada a sa Allah ko annabawa ko mala'iku a ciki, kada kuma a ce wa yaro da gaske haka halitta ta faro. Ki bar kakarsu ta ci gaba, Allah ya ƙara mata lafiya.

Shi kuma yaron, kada ki tsawata masa. Ki buɗe masa Suratul A'arafi daga aya ta 19 zuwa ta 25 tare da fassararta, ya karanta da kansa. In ya tambayi maciji, ki ce masa labarin mutanen da ne, Allah bai ba mu shi a Littafinsa ba.

Wallahu a'alam.