Amsar Kawu: yaro yana iya sa babba aiki?

Ɗana, saƙonka ya iso, na sa an ƙara min girman rubutun na karanta a tsanake. Ka ce ƙarshen makon nan za ku shiga hakaton a Kano, gasar nan da ake tara ku kwana biyu a zaure ɗaya kowane rukuni ya ƙera manhaja, kuma ku biyar ne, kai suka tsayar shugaba. Akwai wani jami'in lafiya da ya kusa sa'an mahaifinka, wanda ya kawo matsalar da za ku yi aiki a kanta, ta iyaye mata masu manta ranar mayar da yara rigakafi. Akwai yarinya mai zana fuskar manhaja, da ɗan bautar ƙasa daga Inugu wanda ba ya jin Hausa, sai abokinka na ƙuruciya, mai zuga ka ku zame ku haɗa rukuni na 'yan unguwa zalla. Tambayarka ita ce ko a al'adarmu yaro yana iya ce wa babba yi kaza, bar kaza, ba tare da an ce ba shi da tarbiyya ba.

Yana iyawa. Ku yaran yanzu kun gwama abu biyu da mu ba mu taɓa gwamawa ba: girma daban, jan ragamar aiki daban.

Ba ka taɓa zuwa gayya ba, na sani, a birni ka tashi. Mai gona zai raba goro ya sanar da rana, mata su kwana dakan fura, makaɗa su zo da gangar noma. Idan aka jeru bakin gona, wanda ake sawa a gaba shi ne wanda hannunsa ya fi faɗawa da garma, ko da bara ya yi aure. Shi yake raba kuyyoyi, shi yake cewa a juya ko a huta, kuma masu furfura suna bin bayansa babu mai jin an rage masa wani abu. Amma da aka sauke ƙwaryar fura a gindin itace, dattijo ne zai fara sa ludayi, shi zai yi addu'ar tashi, kuma yaron nan da yake ta ba da umarni tun hantsi zai russuna ya gaishe shi. Sarautar noma ma ba da shekaru ake samunta ba. A wasu ƙasashen Katsina da Maraɗi sai mutum ya tara dami dubu. A addini kuwa ka san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora Usama ɗan Zaidu kan runduna yana matashi, manyan sahabbai suna ciki. Limanci ma wanda ya fi karatu ake fara dubawa, shekaru sai daga baya.

To haka za ka yi da wannan jami'in lafiya. Kai za ka fara gaishe shi, ka kira shi Malam, kada ka kama sunansa gatsau don kawai kun sa riga iri ɗaya mai tambarin gasa. Idan za ka sa shi aiki, kada ka ɗago murya daga can ƙarshen tebur, taso ka zo kusa: "Malam, a taimaka mana da jerin ranakun rigakafin nan kafin la'asar." Umarni ne, ya san umarni ne, amma ka sa masa riga. Idan ya kawo shawarar da ba za ta yiwu cikin awa 48 ba, kada ka ce to alhali ba za ka yi ba, wannan ba ladabi ba ne, ha'inci ne. Ka gaya masa lokaci ba zai isa ba, ku rubuta ta cikin abin da za a ƙara nan gaba.

Kuma ka cire wa ranka cewa alfarma kuke yi masa. Ku huɗun kun iya kodin, wato rubuta manhaja, da zane, shi kaɗai ya san abin da za a zuba a ciki. Shi ya san ana yi wa jariri allura da haihuwa, a dawo a mako 6, mako 10, mako 14, sannan wata 9, ya kuma san a wane zango mata suka fi ɓacewa. Shi zai gaya muku yawancin waɗanda yake gani ba su da babbar waya, 'yar rakani-kashi ce kamar yadda kuke cewa, wata ma ta maigida ce, saboda haka saƙon tes ko kiran murya da Hausa ya fi wata manhaja mai ƙyalƙyali. Rukunin 'yan unguwa zalla, biyar masu sani iri ɗaya, za su kwana suna gina abu mai kyau wanda ba mai buƙata. Shi ya sa masu shirya irin waɗannan gasa suke taƙaita yawan mutane, har ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da aka fara a 2012 ba ta yarda a wuce shida: kujerun kaɗan ne, kowace sai a ba mai abin da sauran ba su da shi. Ka gaya wa abokin naka zumunci yana nan, amma ba da shi ake cika kujera ba.

Shi abokin nan naka ma shi na fi jiye maka, don na san bakinsa. Zai ce ai wasa ne, Bahaushe da barkwanci aka san shi. Gaskiya ne, amma wasanmu yana da masu shi. Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, taubashi da taubashiyarsa, jika da kaka. Kowannensu ya gaji wasan, ya san yana da ikon ramawa, kuma in an tashi ba wanda ya tafi da abu a rai. Wanda ba abokin wasanka ba, ka yi masa irin wannan magana, sunanta cin mutunci, da can har gaban mai unguwa ana zuwa a kanta. Yaron Inugu bai gaji wasa da ku ba. Kwaikwayon harshensa, laƙaba masa sunan ƙabila, tsokana kan abincinsu ko cocinsu, duk ka tare su tun a karon farko, cikin raha in ya yiwu, a keɓe in ya ƙi ji. Idan shugaba ya yi dariya sau ɗaya, ya ba da lasisi.

Sai maganar harshe, wadda za ku yi ba da gangan ba. Aiki zai yi zafi, ku huɗu ku zarce da Hausa, ku yanke shawara, shi yana zaune yana kallon bakinku. An hana mutum biyu su keɓe da magana su bar na uku don kada ransa ya sosu, ina ga huɗu su bar ɗaya. Ban ce ku bar Hausa ba, manhajar ma da Hausa za ta yi magana. Amma duk abin da ya shafi aiki, a maimaita masa da Turanci kafin a zartar, ba bayan an gama ba. Yadda za ku tashi salla ba wanda zai ce kun ɓata lokaci, haka in ya ce zai je coci safiyar Lahadi, ka tsara aikinsa da wannan a lissafi.

Yarinyar kuwa, abin da zai faru na riga na gani. Da an kawo abinci idanu za su koma kanta ta raba, da an ce a rubuta abin da aka tattauna a miƙa mata biro. Ba wannan ya kawo ta ba. Ku yi karɓa-karɓa, kai ka fara ɗauko shayin. Kada ka miƙa mata hannu, gaisuwar baki ta wadatar, lambar wayarta ta aiki ce, hoto kuma sai an tambaye ta. Wataƙila gidansu sun ce ta koma kafin magariba, ku kuma za ku kwana a zauren. Ba laifinta ba ne, kuma ba dalili ba ne ta dawo da safe ta tarar an sauya zanenta. Manyan shawarwari ku gama su tana nan, abin da ya taso da dare ku ajiye mata a rubuce. In tana magana wani ya katse ta, ka ce a bari ta ƙarasa. Irin tarbiyyar da aka yi wa 'ya'yanmu mata, da wuya ta sake ɗaukar zancen da kanta, sai bayan minti goma ka ji wani ya faɗi abin da ta fara, ana yaba masa.

Masu shirya gasar za su ba ku takardar ƙa'idojin zama. Kada ka sa hannu kawai, ka karanta wa rukuninka a zaman farko, ku san wa ake kai wa ƙara in abu ya fi ƙarfinka. Ba gulma ba ce.

Ranar gabatarwa 'yan mintuna za a ba ku gaban alƙalai. Da ni ne, Malam zai buɗe da bayanin matsalar, tun da shi ya ga yaran da ido, yarinyar ta nuna zanenta, ku sauran ku amsa tambayoyin fasaha. Sunayen biyar su fito a allo da abin da kowa ya yi, GitHub ma, shafin da ake adana kodin, ai yana ajiye wa ya rubuta me. Kuɗin kyauta kuwa, ku yanke yadda za a raba tun safiyar Asabar, kafin kowa ya san za a ci ko ba za a ci ba, ka rubuta a zauren WhatsApp ɗinku kowa ya amsa da kansa.

Ka gaida min mahaifiyarka, ka ce ina nan tafe bayan Juma'a.

Kawunka.