Regiletan da yake ɗauke wuta da rana: amsa ga mai koyon aiki

Tambayar da yaron shago ya kawo ita ce: "Maigida, na haɗa ƙaramin fanel mai kunna fitilar ƙofa, da Arduino (ƙaramar kwamfutar sarrafa kaya) da rile (makunni mai aiki da wuta) guda. Wutarsa daga batirin sola na bolt 12 take, na sa 7805 ya sauko da ita zuwa bolt 5. Da safe lafiya lau, amma da rana bayan 'yan mintuna sai ya ɗauke, can kuma ya dawo da kansa. Sau biyu ina canza 7805, abin bai daina ba. Ko jabu ake sayar min?"

Yarona, ajiye ayan tukuna, kada ka ƙara cire ko ɗaya. 7805 regileta ne, wato mai saukar da bolt ya tsayar da shi wuri ɗaya, kuma regiletan da ya ƙone ba ya dawowa da kansa. Wanda yake ɗaukewa ya dawo yana da rai, kare kansa yake yi daga wani abu, kuma sabon da za ka sa shi ma hakan zai yi. Abin da zai nuna maka dalili shi ne lokacin da yake ɗaukewa, kuma ka riga ka faɗe shi: da rana, bayan 'yan mintuna. Wannan zafi ne.

Ga yadda abin yake. 7805 ba ya juya wuta, rage ta yake yi, kuma duk abin da ya rage zafi yake zama a jikinsa. Lissafin: bolt ɗin da ya shiga, a cire wanda ya fita, a ninka da karan, wato yawan amfiyar da kaya ke ja. Sa mita a jere da wayar fita ka auna karan, kada ka yi zato. Mu ce ka samu 250mA. Batirin da ake kira na bolt 12, idan fanel ɗin sola yana cajinsa da tsakar rana, yakan kai 14 ko 14.4. To 14 a cire 5 saura 9, sau 0.25 (250mA ɗin a amfiya), wat 2.25 ke nan. 7805 mai jikin TO-220, wato mai ƙafa uku da kunnen ƙarfe, tsirara babu ƙarfen sanyaya, kowane wat ɗaya yana ɗaga zafin cikinsa da kusan digiri 65. Wat 2.25 zai nemi ƙara digiri 146 a kan zafin gari. A watan Afrilu, cikin akwati rufe ƙarƙashin kwano, digiri 40 ma sassauci ne. Shi kuwa akwai mai gadi a cikinsa da yake datse wuta idan zafi ya kai wajen digiri 150. Da safe batir yana kusa da 12, gari da sanyi, sai ya tsallake da ƙyar. Da rana abu biyu suka haɗu masa. Idan ya huce ya dawo, ya sake zafi ya sake ɗaukewa. Wani lokaci ma ba ya ɗaukewa gaba ɗaya, sai ka ga bolt 5 yana zamewa zuwa 4, zuwa 3, Arduino yana ta farawa daga farko.

Gwajinsa ba wuya. Buɗe akwatin, sa fanka ta hura shi, ko ka maƙale masa guntun alminiyom. Idan lokacin ɗaukewar ya ƙaru ko ya daina, ka kama ɓarawon. Kada ka dafa shi da yatsa, zai ƙona ka.

Magani uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Ƙarfen sanyaya matsakaici, da ɗan farin man zafi tsakaninsu da noti a ɗaure tam, zai sauko da shi ƙasa da digiri 90, muddin akwatin yana da hudar iska. Ko ka sa rasista 15 ohm mai wat 2 kafin ƙafar shiga: a 250mA zai ɗauke bolt 3.75, ya raba zafin da regileta. Ko batir ya sauka 11.5, saura 7.75, ya isa. Amma tunda batir kake ci, ni LM2596 zan ce ka sa, regileta mai juya wuta maimakon mai da ita zafi. Da 7805 fiye da rabin wutar da ka ja daga batir zafi kawai take zama, asara ce zalla. Ka dai saita shi a bolt 5 da mita kafin ka jona kaya, domin yawanci ba a saite yake zuwa ba.

Wata kula a nan: kunnen ƙarfen 7805 nagatif ne, ba laifi ya taɓa jikin akwati idan shi ma nagatif ne. Na wasu regiletocin kuwa, LM317 da AMS1117, wutar fita ce a kansa. Ka ɗaura shi a akwatin ƙarfe ba tare da takardar rabewa ba, ka yi shot da hannunka.

Yanzu sauran fuskokin matsalar, don gobe wani zai kawo maka wadda ba zafi ba.

Idan tun kunnawa babu wuta, cire kayan duka ka auna. Bolt 5 ya dawo? To akwai shot a gaba, regileta yana taƙaita karan ne. Fara da kafasitan tantalum, shi idan ya lalace shot yake zama. Bai dawo ba? Duba ƙafafu. 7805 idan rubutu yana kallonka: shiga, nagatif, fita. Ƙaramin 78L05 akasin haka ne, fita ce a hagu, kuma 100mA ne iyakarsa. Ƙananan regiletoci masu ƙafa biyar suna da ƙafar EN, makunni ce. A bar ta a sake, wasu ba za su tashi ba sam, wasu su riƙa kunnawa da kashewa idan hannu ya matso. Jona ta da wutar shiga. A LM2596 kuwa ƙafa ta biyar juye take, nagatif ne yake kunna ta.

Idan yana ɗaukewa daidai lokacin da rile ya kama ko aka aika saƙo, jikinsa kuma da sanyi, yunwa ce. 7805 yana son aƙalla bolt 7 a shiga. AMS1117-3.3 yana son kusan 4.5, shi ya sa ba ya zama da batirin litiyam 18650 guda, wanda cikarsa 4.2 ce; nan regileta MCP1700 ko HT7333 ake sawa, idan kaya ba su wuce 250mA ba. SIM800L, mai aika saƙo ta layin waya, yakan fizgi har amfiya 2 na ɗan ƙiftawar ido, kuma mitarka ba ta da saurin ganin wannan faɗuwar, za ta nuna maka komai daidai. Gajarta waya, ƙara mata kauri, sa kafasita 470µF zuwa 1000µF dab da mai fizgar. Idan daga taransifoma wutar take, ka sani kafasita 1000µF a 250mA yana barin wuta tana lilo, hawa da sauka, na kusan bolt 2.5 a wutar 50Hz, kuma ƙasan lilon ne regileta yake gani.

Kada ka rena ƙananan kafasitocin nan: 0.33µF a shiga da 0.1µF a fita na 7805, dab da ƙafafu. AMS1117 kuma 22µF a fita. Babu su, regileta yakan shiga rawar da mita ba ta gani, ya yi zafi ba gaira ba dalili. LM317 kuma yana buƙatar a ja masa 5 zuwa 10mA kullum, in ba haka ba wutar fita ta haura.

Akwai kuma wadda ba laifin regileta ba ce ko kaɗan: fanel a kan fawabank, yana mutuwa bayan kusan rabin minti, kullum lokaci ɗaya. Fawabank ne yake kashe kansa idan jan ya yi kaɗan, yana zaton waya ta cika. Fawabank masu IC IP5306 a ciki suna yin haka ƙasa da kusan 45mA. Rasista 100 ohm mai rabin wat a kan bolt 5 zai ƙara 50mA ya riƙe shi, sai dai yana cin caji.

Naka dai, je ka auno min uku da ƙarfe biyu na rana, fanel ɗin da ka haɗa yana aiki: bolt a ƙafar shiga, bolt a ƙafar fita, da karan. Da su za mu zaɓi girman ƙarfen sanyaya ko mu koma LM2596.