Me ya sa ba ma bin jijiyar daga sama?

Ka tambaye ni, ɗana, don me za mu ɓata wata guda muna fasa dutsen da babu komai a ciki, ga jijiyar farin dutse, wato layin da zinariyar ke ciki, a fili, kuma duk masu haƙar zinariya daga Bibemi ta Kamaru har Pala ta Chadi cikinta suke nutsawa kai tsaye.

Jijiya ba a tsaye take ba, a jingine take. Tamu ta karkata gabas da digiri kamar 60. Dutsen gabas kenan a kanta yake kwance, na yamma kuwa shi ke ɗauke da ita. Ranar da ka kwashe jijiyar, na gabas ya rasa madogara; ko bai faɗo bana ba, ruwan Agusta zai sauko da shi. In hanyar fitarka a nan take, kai da rijiyar duka kun tafi. Shi ya sa ake saukar da rijiya a yamma, mita 10 daga jijiyar, cikin dutse mai lafiya.

Akwai tsadarsa, ban ɓoye maka ba. Duk mita 10 da ka sauka, jijiyar ta guje maka da kusan mita 6. A zurfin mita 20 sai ka yi ramin kwance na mita 22 kafin ka taɓa ta. Daga nan ka bi ta kudu da arewa, ƙasan ramin na ɗan gangarowa rijiya, santimita 1 a kowace mita, ruwa ya taru a gurbin da ka haƙa a gindinta. Ci, wato fasa jijiyar a kwashe ta, ana yinsa daga ƙasa zuwa sama, ana barin ginshiƙai na jijiyar kanta. Komai ƙyallinsu, ba a taɓa su.

Bakin rijiya a ɗaga shi da siminti rabin mita. Marmara da ruɓaɓɓen dutsen sama a tokare su da kirya, mita ɗaya-ɗaya. Gara ba ta cika damunta ba. Kowace safiya ka ƙwanƙwasa rufin ramin da rodi. In ya amsa "ƙal", lafiya. In ya yi kukan ganga, ya rabu daga ciki, a ɓamɓare shi kafin kowa ya wuce.

Ƙofa biyu dole ne, don iska da gudu. Injin fetur kuwa ko na jan ruwa ne ba ya sauka ƙasa. Gubar hayaƙinsa ba ta da wari, ba ta kashe kyandir, mutum take kashewa. Bayan nakiya a jira minti 30 aƙalla, fanka na hurawa, a yayyafa ruwa saboda ƙurar farin dutse na cin huhu.

Ka kuma kula da faɗin ci. Jijiya mai kaurin santimita 30 da zinariya giram 10 a tan, in ka fasa ta da faɗin mita 1, abin da zai isa injin niƙa giram 3 ne a tan. Ka fara cire jijiyar ita kaɗai a buhu, sannan ka faɗaɗa, ka cike guraben da aka cinye da ɓaraguzan.