Amsa kan dolfin da ke bugun jirgi a tsakiyar teku

Assalamu alaikum. Malam, ka ce garken dolfin, wato dabbar teku mai shayarwa da ke kama da kifi, ya bi jirginka mai tafiya da iska, ka ji an bugi ƙasan jirgin har sau biyu, kana tambaya ko hari ne kuma ko akwai abin tsoro. Na daɗe ina tuƙa irin wannan jirgi, kuma a ganina abin da ya kamata ka fara tantancewa shi ne wace irin dabba ce, kuma wane sashe na jirgin ta nufa.

Idan ƙananan dolfin ne, masu launin toka, waɗanda ke tsere a goshin jirgi, to wasa suke yi. Jirgi idan yana keta ruwa yana tura igiyar ruwa a gabansa, su kuwa sai su shiga cikinta ta ɗauke su ba tare da sun wahala ba, shi ya sa za ka ga suna ture juna domin kowanne na son wurin da turin ya fi ƙarfi. A cikin wannan turereniya ce wutsiya ko kafaɗa kan taɓa jirgi. Wani lokaci kuma da gangan suke goga jikinsu, kamar yadda akuya ke susa a jikin katanga, domin fatarsu tana sabunta kanta da sauri ƙwarai. Ba na yarda da masu cewa kuskure ne kawai, saboda dabbar da ke gane abin da ke gabanta ta hanyar aika sauti da sauraron dawowarsa ba ta rasa sanin inda jirgi yake. Ƙarar tana firgita mutum, musamman da dare idan yana kwance a ciki, domin cikin jirgi yana ƙara wa sauti girma, amma ban taɓa duba jirgina bayan haka na tarar da ɓarna ba.

Wanda ya fi naci shi ne dolfin da ya rabu da garke ya saba da mutane. An yi wani a Dingil ta ƙasar Ayalan wanda ya zauna a bakin tashar jiragen ruwan garin daga 1983 har zuwa 2020, kuma a 2018 wani magajin gari a yankin Birest na Faransa ya hana iyo a gaɓarsa saboda wani dolfin da ke goga jikinsa da jirage da masu iyo. Irin wannan ba mugunta gare shi ba, amma dabbar da nauyinta ke iya haura kilo 300 ko da wasa take tana iya ji wa mutum ciwo.

Maganar ta sha bamban idan baƙa ce mai farin ciki da dogon ƙaho a gadon baya. Wannan ita ce oka, babbar cikin dangin dolfin, wadda namijinta ke kai tan 5 ko fiye. Tun daga 2020 wani ƙaramin rukuni nasu, da bai kai 50 ba, da ke bin kifin tuna tsakanin mashigin Jibralta da gaɓar Sifen da Fotugal da Maroko, ya ɗauki ɗabi'ar tunkarar jirage masu tafiya da iska. Ba goshi suke nufa ba, baya suke zagayawa, su kama allon da ke ƙarƙashin ruwa wanda sitiyari ke juyawa, su yi ta tura shi da ka har ya karye. Idan sandar allon ta tsaga jikin jirgi sai ruwa ya fara shiga, kuma ta haka ne wasu jirage suka nutse daga 2022, ko da yake an ceto mutanen da ke cikinsu. Yawancin masanan da ke bin diddigin rukunin suna ganin wasa ne da ya yaɗu tsakanin matasansu, ba ramuwar gayya ba kamar yadda ake yayatawa, kuma ni ma nan na fi karkata, tunda ba sa kula mutanen da suka sauka cikin kwalekwalen ceto.

Idan ƙananan dolfin ne suka biyo ka, ka riƙe hanyarka da gudunka yadda suke, kada ka yi juyin ba-zata, kada ka ba su abinci, kuma kada ka bar kowa ya miƙa hannu ko ya faɗa ruwa. Idan inji na aiki ka tuna da farfela, domin su ne ke shan yanka, ba kai ba.

Idan kuwa za ka ratsa yankin Jibralta, ka duba sanarwar hukumomin teku kafin ka tashi, domin shawarar ta sauya: da farko cewa ake yi idan oka suka tunkaro a tsayar da jirgi cak, daga baya hukumomin Sifen suka ce a ci gaba da tafiya zuwa ruwa marar zurfi kusa da gaɓa. Kowa ya sa rigar ceto ya nisanci gefen jirgi, ka sanar ta rediyo a tasha ta 16, wadda ake neman agaji ta cikinta a teku, kuma kada ka danƙe sitiyari da ƙarfi, domin idan suka bugi allon yana iya fizgewa ya karya maka hannu. Kada ka jefa musu komai, doka tana kare su. Da sun tafi, ka fara leƙa inda sandar allon ta ratsa jirgin ka ga ko ruwa na tsattsafowa.