Ga ƙanina mai son bin sawun Jack London

Ƙanina, saƙonka na uku ke nan cikin wata guda. Wai in nemo maka gurbi a jami'ar Berkeley ta Amurka ka karanci adabi, tunda Jack London ma ɗan talaka ne kuma ta nan ya bi har ya zama attajirin marubuci. Wa ya ba ka rabin labari?

A Oakland nake zaune, garin da Jack London ya tashi, har dandali aka sa wa sunansa a bakin ruwa. An haife shi a San Francisco a 1876. Tun yana ɗan yaro yake wuni a masana'antar gwangwani. A 1894 yana hawan jiragen ƙasa a ɓoye kamar ɗan iska, aka cafke shi, ya sha kwana 30 a kurkuku a Buffalo, laifinsa gararamba kawai.

Berkeley ɗin da kake ta ambato, ya shige ta a 1896 da kuɗin da wani mai gidan giya ya ranta masa. Zango ɗaya ya yi, babu ta kore shi. Daga nan ya nufi Klondike a Kanada haƙar zinariya, ya dawo hannu rabbana, dasashi a kumbure saboda rashin abinci mai kyau. Labarin da mujallar Overland Monthly ta karɓa a wajensa, dala 5 ta yi masa farashi, ita ma sai da ya yi ta sintiri. Sai a 1903 littafinsa The Call of the Wild ya fito da sunansa.

Kuma fa shi ɗan ƙasa ne, fari, ba mai tambayarsa takarda. Kai bizar ɗalibi aikin awa 20 a mako ta yarje maka, cikin makaranta kaɗai. Ni da kuɗin haya suka shaƙe ni, na yi wanke-wanke a ɓoye a wani gidan abinci, hannuna duk ya tsattsage da sabulu. Mai gidan ya cinye mini ladan mako uku, yana kallon idona, don ya san ba ni da bakin kai ƙara. Har yau idan na wuce titin nan sai raina ya sosu. Na kammala karatu dai, alhamdulillahi, ba da taimakon kowa ba, kuma ba adabi ne ya biya mini haya ba.

Kafin su ba ka takardar neman biza, sai ka nuna kuɗin shekara guda a banki. Kada ka kuskura ka sa Baba ya sayar da gonar nan. Gama digirinka tukuna, ka turo mini sakamakon, mu duba inda ake ba da tallafi.