Wa za ka saka cikin kwamitin? Ga abin da na gani a kamfanin shinkafa

Ɗan uwa mai tambaya, ka ce oga ya ba ka aikin haɗa kwamitin da zai gano matsala a wurin aikinku kuma ka rasa wa za ka ɗauka, to bari in ba ka labarin abin da ya faru da mu.

Bayan anka ƙaddamar da Anchor Borrowers, shirin gwamnati na ba manoma bashi, a Birnin Kebbi a 2015 shinkafa ta yi yawa, lokacin ina aiki wani kamfanin casa nan jihar, ba sai na kama suna ba. Kwatsam shinkafa ta riƙa fitowa inji duk a karye, diloli na maido muna kaya. Manaja ya kafa kwamiti ya zuba manya zalla, akanta, injiniya, shugaban sashen kasuwanci, da wani ɗan uwan mai kamfani da ko ƙofar ɗakin inji bai sani ba. Sati uku ana mitin ana shan lemu, ƙarshe sunka ce a sayo sabon inji.

Allah ya taimake mu kuɗin ba su samu ba. Da anka sake zama sai anka saka yaron da ke kula da busarwa, da mai sito, da dattijon da ke sayo muna shanshera daga Suru da Argungu. Zaman farko dattijon ya ce manoma a jiƙe suke kawo ta, mu kuma don gaggawa muna ƙara ma na'urar busarwa wuta, ƙwayar ta tsage tun ba ta shiga inji ba. Yaron ya ce ai ya daɗe da sani, mitar awon danshi ta lalace wata biyu da haƙori suke gwadawa, alhali a hankali ya kamata danshin ya sauko wajen kashi 14 cikin 100. Wallahi ba wanda ya taɓa tambayar shi.

Don haka fara da wanda hannunshi ke cikin aikin kullum, sannan mutum ɗaya da zai iya sa hannu a fitar da kuɗi, in babu shi rahoton cikin durowa zai kwana. Kada ku wuce biyar ko shida. Kuma ka lura, yaro ba ya magana gaban ogan shi, mu sai da manaja ya fita sallar la'asar sannan bakin yaron ya buɗe, to ka fara jin ƙananan su kaɗai kafin ka haɗa su da manya.